Ƙugiya a Shafi na Sha Tara

Wa ya karya hannun tela? Waɗanda suka ɗora masa ƙarfe su uku ne, da rana tsaka suka zo, kuma har yau ba a kama ko ɗaya ba. Amma wa ya nuna musu ƙofar shagon? Na bi sawun takardar daga hannu zuwa hannu har inda ya tsaya, duk da haka idan aka yi mini wannan tambayar sai in rasa inda zan ajiye laifin ya zauna.

Ni mai duba kurakurai ne a ofishin wata mujallar jami'a da ke buga bincike kan zaɓe da jam'iyyu. Ban yi jami'a ba. Da aikin masinja na fara. Wata rana Edita ya same ni ina gyara rubutun wata sanarwa a jikin allo, ya tsaya ya kalle ni, washegari ya sa aka ba ni teburi. Shekara ashirin da biyu ke nan. Mai Sawu ake ce mini, saboda idan malami ya kwashi rubutun wani ya ce nasa ne, nakan ji inda muryar ta sauya, in bi ta har gidan mai ita.

A bangon ofishinmu akwai ƙa'idojin mujalla guda goma cikin gilashi. Ta huɗu ta ce duk wanda ya ba mai bincike shaida, ba a bayyana shi. Ta bakwai ta ce jam'iyyar da aka zarga a ba ta damar amsawa kafin a buga. Kullum Edita yana nuna wa baƙi gilashin nan da kan biro.

Ranar Litinin da safe Dakta ta shigo ba ko gaisuwa. Ƙaramar malama ce a sashen siyasa, kuma maƙalarta ce za ta buɗe fitowarmu ta gaba. Ta yi hira da mutum ashirin da biyu a wata mazaɓa kan yadda wata jam'iyya ta kawo mutanen da ba 'yan unguwa ba suka jefa ƙuri'a. Kowa ta yi masa alkawarin ba mai jin sunansa, lamba kawai ta ba su.

"Baba, an karya Na Bakwai," ta ce.

"An karya me?"

"Hannunsa. Ranar Asabar. Sun jefa masa shafi daga maƙalata, suka ce ga maganarka nan, sai ka ɗinke ta."

Maƙalar ba ta fito ba tukuna, ko wurin ɗab'i ba ta je ba.

Kafin azahar duk sashen ya gama yanke hukunci. Dakta tana da wa a cikin shugabannin matasan jam'iyyar nan, kowa ya sani. A ɗakin shan shayi na ji wani malami yana cewa, "Ka bar takarda a gida, yayanka yana shigowa, me kake jira?" Wani ya ce tun farko aikin ya fi ƙarfinta. Edita ya rubuta wa Shugaban tsangaya, aka sa zaman kwamiti ranar Alhamis: a janye maƙalar, a miƙa Dakta ga hukumar ladabtarwa. A jami'armu duk wanda ya shiga wannan ƙofar ba ya fitowa da aikinsa.

"Rabona da yayana shekara biyu," ta ce mini a bakin matakala. "Ko suna bai zo ba da na haihu. Ban taɓa buga shafi ɗaya a gida ba. Baba, kai ne mai bin sawu. Ka bi mini."

Na ce zan duba.

*

Da Farfesa na fara, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka tantance maƙalar. Na biyun yana wata ƙasa, ba ruwansa da mu. Farfesa kuwa an sha ganin motarsa a ƙofar ofishin jam'iyyar.

Na same shi ya cire takalmi ya ɗora ƙafafu kan kwalin littattafai.

"A'a, Mai Sawu da kansa! Wa na yi wa sata yau?"

"Ranka ya daɗe, kwafin da aka ba ka nake son gani."

"Wato ni ne ɓarawon." Ya yi dariya har da tari. "Ka duba ƙarƙashin fankar can, da shi na tokare ta."

Na ciro shi, ya yi ƙura. Shafi goma sha shida ne kacal, kuma babu cikakkiyar maganar shaidu a ciki, sai ɗan tsakure nan da can.

"Ka gani? Abin da nake da shi ko kaza ba zai sa a kama ba. Ni ne ma na ce ta kawo maganarsu cikakkiya a ƙarshe, yadda ta fito daga bakinsu, kada gobe a ce ƙirƙira ta yi. Ƙa'idar aiki ce." Ya tsaya, dariyar ta ɗan ja baya. "Ashe a nan aka gano mutumin?"

"Ban sani ba tukuna."

"To in ka sani kada ka gaya mini. Ina da hawan jini."

*

Shagon tela, wato Na Bakwai, yana kallon makarantar da aka yi rumfar zaɓe a cikinta. Na san layin, domin shekara shida na yi haya a bayansa, kuma shi ya ɗinka mini rigar da na sa ranar auren 'yata. A rufe na tarar da shagon. Matarsa ta shigar da ni tsakar gida, inda aka jawo keken ɗinkin aka rufe shi da zani. Yana zaune a tabarma, hannun dama a naɗe tun daga yatsu har gwiwa.

"Malam, kai ma can kake aiki?" ya tambaye ni.

"Can nake."

"Ta ce mini lamba za ta sa. Na ce, 'yar nan, lamba ba ta da hannu, ni ke da shi. Muka yi dariya." Ya dubi keken. "Kayan mutum tara ne a ciki."

Na tambayi takardar. Matar ta shiga ɗaki ta fito da ita a cikin leda. Rabin shafi ne, an yage gefen dama a kokawar, sauran ya tafi da su. Fotokwafi ne. A ƙasa akwai lamba, sha tara.

Na sa tabarau na karanta. "Baƙi suka kawo a mota biyu, ni dai da idona, wallahi da idona, na ga an ba su kati a bayan makaranta."

Kwamfutar da Dakta take aiki da ita ba ta da haruffa masu ƙugiya. Duk inda ya kamata a ga ƙ sai a ga k. Ita ta buga baki, abin da ake ci da shi, alhali baƙi take nufi, mutanen da ba na unguwa ba. A kan wannan k ɗin akwai ƙugiya da aka ɗora da fensir, ta fito dishi-dishi a fotokwafin. Doguwa ce, ta kwanto baya, irin wadda bahago yake yi.

Ni bahago ne. Kuma kwafi ɗaya tak na gyara.

Na zauna riƙe da ledar, ina kallon gefen da aka yage. Ba sai an kawo mini shi ba, na san abin da ke jiki. Ranar da na karanta shafin nan na ji muryar mutumin kamar yana gabana, domin babu mai maimaita "da idona" sau biyu a layin nan sai shi. Na ji tsoro saboda shi, sai na rubuta a gefe da fensir: "Duk wanda ya san unguwar zai gane telan gaban makaranta ne. A sauya."

"Malam, lafiya?" in ji matar. "Ko in kawo ruwa?"

Na ce ta ba ni aron takardar zuwa Alhamis. Ban gaya musu komai ba. Wannan ma yana cikin abin da nake ɗauke da shi.

*

Kwafin da na gyara mutum ɗaya na miƙa wa, hannu da hannu, wata Talata makonni uku da suka wuce. Amma duk takardar da za ta fita daga ofishinmu sai ta bi ta teburin Sakatariya, ta rubuta ta a baƙin littafin aika wasiƙu: rana, wa ya aika, wa aka kai wa. Shekara goma sha biyar muna ɗaki ɗaya da ita. Mijinta ya rasu, 'ya'ya huɗu take riƙe da su.

Na jira Edita ya tafi aji.

"Hajiya, ki ba ni baƙin littafin in duba wani abu."

Ba ta ɗago daga kwamfuta ba. "Ya cika. An kai ma'ajiya."

"Jiya na gan shi a aljihun teburinki."

"To idonka ya fara tsufa, Malam."

"Hajiya, yarinyar nan za a kora."

Sai ta juyo. "Ni kuma a bar ni? Ita Dakta ce, ko an kore ta tana da takarda. Ni me nake da shi? Ban ga komai ba, ban rubuta komai ba, kuma ba zan buɗe maka komai ba. Ka bar ni in ci abincin 'ya'yana." Ta murɗa makullin aljihun, ta jefa shi a jaka.

Ban ga laifinta ba, kuma ban daina jin haushinta ba.

*

Ranar Laraba da la'asar na shiga wurin Edita na rufe ƙofa. Na ajiye rabin shafin a gabansa, na ɗora yatsa a kan ƙugiyar. Ya daɗe yana kallo. Mutum ne mai kaifin ido, shi ya koya mini rabin abin da na sani.

"Zauna, Mai Sawu."

"Na gode, Yallaɓai, a tsaye ma ya yi."

"Ƙa'ida ta bakwai me ta ce?"

"A ba su damar amsawa."

"To na ba su. Ko so kake mu buga zargi irin wannan ba mu ji ta bakinsu ba? Sai su kai mu kotu, su rufe mujallar da na yi shekara talatin ina ginawa."

"Zargin ake aika musu, Yallaɓai, shafi ɗaya. Ba a aika maganar shaidu. Kai ka koya mini."

"Sakataren jam'iyyar ya ce ba zai amsa abin da bai gani duka ba. Na ce to. Sunan wa ke ciki? Babu. Lambobi ne." Ya jingina da kujera. "Ina na san akwai mai hikimar da ya rubuta adireshin mutum a gefe?"

Nan ya same ni.

"Ban karanta gefen ba," ya ce a hankali. "Wallahi ban karanta ba. Da na gani da na goge."

Na yarda da shi, kuma wannan ya fi ci mini rai. Shekara ashirin da biyu ina rubuta masa a gefe, ashe ba ya dubawa.

"To ka faɗi haka gobe."

"In faɗi me? Cewa na ɗauki shaidun mutane na kai wa waɗanda suke zargi?" Ya dubi taga. Kowa ya san sunansa yana cikin waɗanda ake sa ran naɗawa a wata hukuma, kuma kowa ya san jam'iyyar da ke naɗin. "Yarinya ce, za ta sami wani wurin. Zan rubuta mata takardar yabo da hannuna."

"Ba ta yi komai ba."

"Ta yi. Ta bar mutum da muryarsa a takarda, har masinja ya gane shi." Kalmar ta fito masa kafin ya kama ta, bai kuma janye ba. "Ka saurare ni. Idan ka fito da takardar nan gobe, rubutun wa ke jiki? Nawa? Kai ka zauna a unguwar, kai ka san mutumin, kai ka rubuta inda yake. Ni Farfesa ne, kai kuma ba ka da ko takardar sakandare. Ka lissafa wa za a yarda da shi. Saura maka shekara biyu ka yi ritaya. Ka tafi gida ka huta."

Na ɗauki ledata na fita. A hanya na yi ta juya maganar, ina neman inda ya yi ƙarya, sai na ga kusan duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Farfesa ya bi ƙa'ida da ya nemi cikakkiyar magana. Dakta ta bi ƙa'ida da ta kawo ta. Ni don in kare mutum na rubuta abin da na rubuta. Edita ma yana da lambar ƙa'idar da zai nuna. Ga tela can ba ya iya ɗaga cokali.

*

Ranar Alhamis ƙarfe goma aka zauna a ɗakin taro. Shugaban tsangaya a kan teburi, Edita a damansa, Farfesa yana wasa da tabarau. Dakta ita kaɗai a ɗaya ɓangaren. Sakatariya tana gefe da takarda da biro, tana ɗaukar bayanin zama. Ni an kira ni ne don in tabbatar da ranar da maƙalar ta iso ofis.

Edita ya yi magana mai kyau. Ya ce amanar shaidu ita ce ran bincike kan zaɓe, idan ta karye babu mai sake buɗe wa malami baki. Ya ce yana baƙin ciki. Sai Shugaba ya juya ga Dakta.

"Yayanki yana cikin jam'iyyar nan, ko ba haka ba?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Kina da shaidar cewa bai ga takardar ba?"

"Yaya zan kawo shaidar abin da bai faru ba?"

"To, ai ka ji," in ji wani daga cikin 'yan kwamitin.

Na miƙe. Na dafa kujera.

"Ranka ya daɗe, ina da magana."

"Kwanan wata kawai muke so, Mai Sawu."

"Wannan ma kwanan wata ne." Na ajiye shafin. Na nuna musu k ɗin, na nuna ƙugiyar. Na ce kwamfutar Dakta ba ta yin ƙugiya, kwafin Farfesa bai kai shafi na sha tara ba, kuma ƙugiyar nan tawa ce. Na ce kwafin da ya fita, daga ofishinmu ya fita, bayan ya bar hannun Dakta da mako biyu. Sannan na faɗi abin da ke gefen da aka yage, kalma da kalma.

Dakta ta dube ni. Ba zan kwatanta kallon ba.

"Baba," ta ce. "Kai?"

"Ni na rubuta. Ba ni na aika ba. Yallaɓai na miƙa wa."

Farfesa ya daina wasa da tabarau. Shugaba ya dubi Edita.

Edita bai ɗaga murya ba. "Abin da na ji tsoro ke nan," ya ce. "Ni na ɗauko mutumin nan daga kan keke na ba shi teburi. Kun ji da bakinsa: ya san telan, ya zauna a unguwar, ya rubuta inda za a same shi. Kwafin da yake magana a kai ban taɓa gani ba. Ina neman afuwar Dakta, ashe ɓarakar a ƙarƙashin hancina take."

"Kana da shaidar ka miƙa masa?" Shugaba ya tambaye ni.

"Hannu da hannu ne, ranka ya daɗe. Ba mu saba sa hannu tsakaninmu ba."

"Wato babu."

"Babu."

Na ga sauƙi ya sauko a fuskokinsu. An sami wanda ya fi Dakta arha. Ba sai an je hukumar ladabtarwa ba, takarda ɗaya ta isa. Shugaba ya gyara zama.

"Hajiya, rubuta. Kwamiti ya gano cewa mai duba kurakurai, ba tare da izini ba..."

Biron bai motsa ba.

"Hajiya, ina magana."

"Na ji, ranka ya daɗe."

"To rubuta mana."

Ta ajiye biron a kan takardar. Ba ta dubi kowa ba, ni ma ba ta dube ni ba. Ta sunkuya ta ɗauko jakarta daga ƙarƙashin kujera, ta ɗora a cinya, ta zuge.

"Hajiya," Edita ya ce. "Ki yi tunanin yaranki."

"Tun Litinin su nake tunani, Yallaɓai. Ko barci ban yi ba."

Ta ciro baƙin littafin. Ta lashi yatsa, ta buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa, har ta kai inda take nema. Ta ɗora yatsa a kan layin da ke ɗauke da sunan Edita, ta fara karantawa daga kwanan wata.